Yadda muka kai wasanmu gidan talabijin kai-tsaye a Kaduna

Tun da aka haska wasanmu a shirin barkwanci na Babbar Sallah, samari masu ɗaukar wasa da waya suke tare ni a hanya, daga Tudun Wada har Rigasa, kuma tambayarsu ba ta wuce biyu: wa ka sani a ciki, nawa kuka biya? Ba mu san kowa ba, ba mu kuma sayi fili ba. Yawo dai muka sha tsakanin ofisoshi, wanda da mun sami mai yi mana bayani tun farko, da rabinsa bai taso ba. Shi ya sa na zauna na rubuta abin daki-daki. Ba zan ambaci sunan gidan talabijin ɗin ba, domin ba talla na zo yi masa ba, ba kuma ƙararsa na kawo ba.

Mu shida ne a ƙungiyarmu. Akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ni kuma ina da ɗan shagon kayan masarufi. Gajerun wasanni muke yi mu ɗora a Facebook da TikTok, kuma Alhamdulillahi ana kallo. Amma duk wanda ya tashi a garin nan ya san talabijin yana da matsayi na daban a idon manya. A Kaduna aka kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a 1962, zamanin Sardauna, kuma daga garin nan ne Samanja, marigayi Usman Baba Pategi da ya rasu a 2023, ya yi shekara da shekaru yana sa Arewa dariya. Da irinsu iyayenmu suke auna ɗan wasa. Mahaifina bai taɓa ɗaukar abin da nake yi a waya a matsayin sana'a ba, ni kuwa burina ya gan ni a akwatin da ke falonsa. Da muka ji gidan zai yi barkwanci kai-tsaye ranar biyu ga Sallah, da 'yan kallo a cikin situdiyo, sai muka ce mu ma bari mu nema.

Zuwan farko a bakin ƙofa muka tsaya. Baba maigadi ya ba mu littafi muka sa hannu, ya duba katin ɗan ƙasa, sannan ya ce, "Wajen wa kuka zo, 'ya'yana?" Muka ce wajen mai shirya barkwancin Sallah. Ya ce ba a ganinsa da baki, sai da takarda. Shi ne ya fara gaya mana abin da babu inda aka rubuta: takardar ba furodusa ake rubuta wa ba, Janar Manaja ake rubuta wa, da Turanci, a buga ta a kwamfuta, a zo da kwafi biyu. Ɗaya a bar ta a ofishin karɓar wasiƙu, ɗayar a buga mata hatimi da kwanan wata a dawo maka da ita. Muka koma muka yi haka, muka haɗa da sunayen 'yan ƙungiya da lambar waya guda ɗaya, da filashi mai ɗauke da wasanninmu uku. Magatakardan ya tambaye mu shaidar rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Ba mu da ita. Ya ce to mu kawo takardar gabatarwa daga mai unguwa da kwafin katin ɗan ƙasa na shugaban ƙungiya, suka kuwa karɓi wannan ba gardama.

Daga nan sai jira. Takarda tana tafiya ne daga teburin Janar Manaja zuwa shugaban sashen shirye-shirye, daga nan zuwa furodusa, kuma babu wanda zai kira ka ya ce maka ga inda ta kwana. Da shiru ya yi yawa na koma bibiya, aka ce babu wata takarda mai sunanmu. Gabana ya faɗi, don na riga na gaya wa abokaina magana ta yi nisa. Kwafin nan mai hatimi ne ya cece mu. Magatakardan ya ɗauki kwanan watan, ya buɗe babban littafinsa, ya gano ta fita daga ofishin manaja tuni, tana cikin tulin takardu a sashen shirye-shirye. Kada ka taɓa barin wannan kwafin a gida. Kuma a shiga da wuri: mu bayan Ƙaramar Sallah da kaɗan muka kai tamu, duk da haka da ƙyar muka samu, domin jadawalin Sallah ana rufe shi ne tun da sauran makonni. Wata ƙungiya da ta zo ana saura kwanaki kaɗan, a gabanmu aka ba su haƙuri.

Ruɗani mafi girma ya same mu ne a ranar da aka gano takardar. Wani ma'aikaci da ya ji mun ce muna son fitowa a talabijin, sai ya nuna mana sashen kasuwanci. Can aka miƙo mana takardar farashi, kowane minti da kuɗinsa, na yamma ya fi na safe tsada, na lokacin Sallah kuma ya fi duka. Muka lissafa minti bakwai, muka kalli juna, jikinmu ya yi sanyi. Har mun miƙe za mu tafi wata Anti da ke teburin gefe ta ce, "Tsaya, ku shirinku za ku saya wa fili, ko baƙi kuke son zama a shirin gida?" A nan muka fahimci hanya biyu ce. Mai sayen fili yana zuwa da shirinsa ya biya, sashen kasuwanci ne nasa. Wanda yake son shiga shirin da gidan ya riga ya tsara ba ya biyan ko sisi, sashen shirye-shirye ne nasa, sai dai zaɓarsa ake yi. Ta ƙara mana da cewa in muna da mai ɗaukar nauyi, tallarsa ta hannunsu za ta bi, kuma kuɗi a banki ake biya a kawo shaida a karɓi rasit, ba a damƙa wa mutum a hannu. Akwai wani mai maganin gargajiya da ya yi mana alkawarin taimako in za mu ambaci maganinsa a cikin wasa. Ta ce mu manta da wannan, talla sai an tantance ta, magani kuma sai da lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, sannan ba a cusa talla cikin wasa ta bayan fage.

Furodusan mutum ne mai ƙarancin magana. Ya kalli wasanninmu a gabanmu bai yi dariya ba ko sau ɗaya, abin da ya sa zufa ta karyo mini. Da ya gama ya ce, "Kuna da abin yi. Ina rubutun?" Mu a waya jigon labari kawai muke tsarawa, kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa, in bai yi ba a sake. Ya ce a kai-tsaye babu sakewa, don haka yana son kowace kalma a rubuce, da sunan mai faɗarta, da minti nawa wasan zai ci. Muka koma muka rubuta. Labarin mai shayi ne da ya rantse ba wanda zai tashi daga bencinsa sai ya ga alat ɗin kuɗinsa ya shigo. Wannan ya ci burodi da ƙwai ya yi tiransifa, a tsare shi. Wancan ma haka. Har benci ya cika, har da ango da ake jira wajen ɗaurin aure. A ƙarshe ɗan mai shayin ya shigo da gudu ya ce, "Baba, wayar Umma ka ɗauko. Taka tana gida tana ta ƙara, Umma ta ce ta ga kuɗi suna shigowa, yanzu ba ka da hujjar ƙin sayen rago."

Tantance rubutu shi ne matakin da ya fi ci mini rai a lokacin, shi ne kuma na fi gode wa daga baya. Wata Hajiya ce a sashen shirye-shirye ta zaunar da ni, da jan biro a hannunta, muka bi shafi-shafi. Sunan bankin da muka ambata ta fara sokewa, ta ce in ka ce banki kaza yana riƙe kuɗin mutane, gobe lauyansu yana bakin ƙofa. Sai ɗan sandan da muka sa ya zo raba gardama shi ma ya ci ya shiga sahun tsararru. Ta tuna mini cewa a 2022 rundunar 'yan sanda ta gargaɗi masu wasan barkwanci kan sa kakinta ba izini, ta ce ko mu nemo izinin a rubuce, ko mu canza shi. Muka mai da shi maigadin layi da tocila da gora. Waƙar da muka so a sa lokacin shigowar ango ita ma ta cire, domin tana da mai ita, gidan kuma ba zai ɗauki rigimar haƙƙin mallaka ba. Duk wannan na karɓa ba musu. Inda na ja shi ne wajen wani ɗan wasanmu da yake kwaikwayon Hausar Bagware, domin a waya wurin nan ne mutane suka fi so. Na ce, "Hajiya, ai wasa ne, tun muna yara ake yin irinsa." Ta ajiye biron ta dube ni. Ta ce, "Ɗana, Bakano da Bazazzagi abokan wasa ne, Bafillace da Babarbare ma haka, kowa ya san iyakarsa kuma kowa yana ramawa. Shi wannan da kake kwaikwayo, a wasanka ina ya rama? Siginar gidan nan ba ta tsaya a Kawo ba, tana kaiwa Kakuri da Sabon Tasha da Barnawa." Ta tuna mini cewa rikicin da ya ci rayuka a garin nan a 2002 daga rubutu ɗaya a jarida ya taso. Ta kuma ce hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992, tana da kundin ƙa'idoji kan abin da ya shafi addini da ƙabila da batsa, kuma in aka saɓa, gidan ake hukuntawa, ba ɗan wasa ba.

Na fito raina a ɓace, amma kafin in kai gida na san gaskiya ta faɗa. A layinmu akwai Gwarawa da muke gaisawa kullum, waɗanda kakanninsu suna ƙasar nan tun ba a yi garin ba, kuma da a zauren ɗayansu nake ba zan iya yin wannan kwaikwayon ba. Abin da ba zan yi a zaurensa ba, bai kamata in aika masa da shi cikin ɗakinsa ranar Sallah ba. Muka mai da mutumin tsoho mai nauyin ji, da kullum yake zaton an ce alat ya shigo ya miƙe zai tafi a dawo da shi, kuma wallahi ya fi na farko ban dariya. Bayan gyara Hajiya ta sa hannu a kowane shafi, ta ce abin da ke takardar nan shi za a faɗa, ba ƙari. Yaron da zai fito a matsayin ɗan mai shayi shekararsa 12, don haka sai da mahaifinsa ya rubuto amincewarsa. Mu manya kuma kowa ya sa hannu a takardar yarda da a nuna fuskarsa.

Kuɗin da muka kashe duk daga aljihunmu ne. Buga takardu da fotokwafi naira 4,500. Kayan sawa daga Kasuwar Barci, gwanjo da ɗan ɗinki, naira 22,000. Burodi da ƙwai da madara da kofuna naira 9,000. Benci da tebur aro muka yi wajen mai shayin layinmu, amma a-kori-kurar da ta kai su ta dawo da su ta ci naira 8,000. Kuɗin Keke Napep na zuwa bita ya kai wajen naira 18,000. Gidan yana ba da fitilu da kyamara da makirufo da bango, sauran kayan wasa kai za ka zo da abinka.

Ana jibi Sallah aka ba mu situdiyo don bita. Ɗakin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, ga sanyin na'ura, ga zafin fitilu a ka. Kyamara uku ce, kowace da jar fitila a samanta, wadda tata ta kama ita ce take kai hoto gidajen mutane. An manna mana salatif a ƙasa, kowa da inda zai tsaya, in ka gota taku ɗaya ka fita daga haske ko ka tare ɗan'uwanka. Mai ba da alama a cikin ɗaki, wanda suke kira fulo manaja, da abin ji a kunnensa yana karɓar umarni daga ɗakin darakta, ya koya mana yaren hannunsa. In yana ƙirga da yatsu ya nuna ka, ka fara. In yana juya yatsa, ka yi sauri ka naɗe. In ya raba hannuwansa a hankali, ka ja lokaci. In ya gitta hannu a wuyansa, an gama, ko kana tsakiyar magana. A ranar aka ce farar shaddar ango ba za ta yi ba, tana ƙona hoto a ƙarƙashin fitila, rigar maigadi mai ƙananan ratsi kuma tana rawa a allo. Telanmu ya kwana yana gyara wata shuɗiya. Gwangwanayen madara da kwalin ganyen shayi duk sai da muka rufe sunayensu da takarda. Aka auna wasan da agogo ya ci minti 8, alhali minti 7 aka ba mu, kuma furodusa ya ce ba mu ma sa lokacin dariya a lissafi ba, domin in mutane suna dariya dole ka dakata, in ba haka ba maganarka ta gaba ta ɓace. Ya ce ko a Amurka, shirin Saturday Night Live da ake yi a birnin New York tun 1975, sai sun yi cikakken gwaji gaban 'yan kallo a daren, sannan su zubar da wasu wasannin kafin a shiga kai-tsaye. Ya sa muka rage minti ɗaya da rabi, sannan ya ce mu ware wani yanki a tsakiya wanda in an juya mana yatsa za mu tsallake shi ba tare da labarin ya karye ba. Wannan shawarar ita ce mafi amfani da na samu a gidan.

Ranar shirin an ce mu iso ƙarfe 1 na rana, shiri kuma sai 4:30. An wuni ana ruwa, 'yan kallo suka makara, har aka fara tara ma'aikata da 'ya'yansu a kujerun gaba. Aka shafa mana hoda saboda ƙyallin goshi, aka maƙala wa kowa ƙaramin makirufo a wuyan riga, aka gargaɗe mu cewa daga yanzu duk abin da muka faɗa ana ji a ɗakin darakta. Tun kafin a fara suka koma kan janareta don kada ɗaukewar wuta ta yanke shiri. Muka yi La'asar a farfajiya da kayan wasa a jikinmu. Mu ne na uku a takardar jerin shiri, amma ana cikin wasa na farko aka zo aka ce mun koma na biyu, domin ɗan wasan waccan ƙungiyar ruwa ya tsare shi a Kawo. Muna tsaye bayan bangon katako muna jin dariyar da ake yi wa na gabanmu, bakina ya bushe, ƙafata tana rawa. Yaron nan ne ya kama hannuna ya ce, "Yaya, mu yi addu'a." Muka yi da'ira muka karanta Fatiha. Lokacin talla aka shigo da benci da tebur a guje, aka ƙirga mana da yatsu, jar fitila ta kama.

Minti na farko shiru, kuma shirun mutum arba'in a ɗaki ɗaya yana da nauyi. Sai da tsohon nan ya miƙe karo na biyu yana cewa "To madalla, ya shigo," mai shayi ya jawo shi ya zaunar, sannan ɗakin ya fashe. Daga nan jikinmu ya saki. Ango na shigowa makirufonsa ya zame ya faɗa cikin babbar riga, muryarsa ta ɓace. Na ga fulo manaja yana nuna wuyansa da ido waje. Wanda yake mai shayi ya gane, ya caƙumi kwalar angon ya jawo shi dab da ƙirjinsa yana cewa ba inda za shi, sai muryar angon ta riƙa shiga ta nasa makirufon. 'Yan kallo sun ɗauka cikin wasa ne, suka ƙara dariya. Dariyar kuwa ta ci mana lokaci, aka fara juya yatsa, muka tsallake yankin da muka ware, yaro ya shigo da gudu ya faɗi maganarsa ta rago, aka tafa, aka koma kan mai gabatarwa. Muna fita furodusa ya ɗaga mana babban yatsa ya juya ga masu bi mana. A aljihuna waya tana ta motsi, cikin kiran har da na mahaifina, wanda ya ce maƙwabta sun cika masa falo.

Bayan shiri aka ba mu naira 30,000 kuɗin mota, muka sa hannu a takarda. Ba a biyan baƙi ladan wasa, kuma gara mutum ya san haka tun farko don kada ƙungiya ta watse kan zargin shugaba ya ci kuɗi. Ni a gaban kowa na buɗe ambulan ɗin. Neman kwafin wasan shi ma aiki ne mai zaman kansa. Sai da muka sake rubuta takarda, muka kawo sabon filashi na naira 5,000, muka jira mai kula da ma'ajiyar shirye-shirye ya dawo daga hutun Sallah. A wajensa muka ji cewa hoton da aka ɗauka mallakar gidan ne, ko da labarin namu ne, don haka ɗora shi a shafinmu sai da izini. Sun ba mu a rubuce, da sharaɗin kada mu goge tambarinsu daga kusurwar allo, kada kuma mu yanka mu haɗa da tallar wani. Wanda zai bi wannan hanya ya nemi a rubuta wannan izinin tun ranar da Hajiya take sa hannu a rubutunsa, ya kuma tambayi ranar da zai karɓi kwafi, domin mu sai da Sallah ta wuce da kusan makonni uku muka ɗora namu, lokacin maganar rago ta riga ta fita daga bakin mutane.